Ƙwayoyin "Sha Ka Fashe" A Kasuwannin Kan Iyaka: Magani Ne, Amma Na Wa?

Duk wanda ya saba cin kasuwar Jibiya ko Illela ko Maigatari, ko ya tsallaka Birnin Konni da Maraɗi, ya san masu tallar magani a tire da kan tabarma. A cikin kayansu akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu arha waɗanda ba sa kwantai. Wasu na saye don ciwon jiki bayan dakon kaya, wasu don ƙaiƙayi, 'yan mata da amare kuma don su yi ƙiba kafin biki. Sunan da aka fi sanin su da shi shi ne "sha ka fashe". A jikin kwalin dai sau da yawa abin da aka rubuta shi ne Dexamethasone ko Prednisolone, wani lokaci kuma a haɗa su da Cyproheptadine mai buɗe ciki.

Mu fara da ba su haƙƙinsu, domin waɗannan ƙwayoyi ba na banza ba ne. A shekarar 1948 wani likita a asibitin Mayo da ke Amurka, Philip Hench, ya gwada kakan wannan magani, wato kotizon, a kan wata mata da ciwon gaɓɓai ya kwantar. Cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 shi da wasu masana biyu suka samu kyautar Nobel a kan wannan aiki. Prednisolone da Dexamethasone sun biyo baya a cikin shekarun 1950. Ko a 2020, lokacin annobar korona, wani babban gwaji da jami'ar Okisfod ta Ingila ta jagoranta ya nuna cewa Dexamethasone na rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga marasa lafiyar da ke kan na'urar numfashi.

Aikinsu shi ne kwantar da kumburi da lafar da garkuwar jiki idan ta yi tsanani. Shi ya sa likitoci ke rubuta su ga mai asma idan ta taso masa, musamman lokacin da ƙurar hunturu ke shaƙe mutane a tashar mota da rumfunan hatsi. A irin wannan hali babban mutum kan sha Prednisolone na kwana 5 zuwa 7, sannan a tsaya. Ana ba da su ga ciwon gaɓɓai mai kumburi, da borin jini mai tsanani, da wani ciwon ƙoda mai kumbura yara, da kumburin jijiya da kan taso wa mai jinyar kuturta. Duk wannan da awo ake yi, kuma da ranar farawa da ranar ƙarewa.

To, ina gizo ke saƙar? A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke samar da sinadarin kotisol, wanda ke riƙe wa mutum ƙarfin bugun jini da sugan jikinsa, ya kuma taimake shi idan ciwo ko rauni ya same shi. Waɗannan ƙwayoyi kwaikwayon wannan sinadari ne, sai dai sun fi shi ƙarfi: Prednisolone ya ninka shi sau 4, Dexamethasone kuwa wajen sau 25. Idan mutum ya yi ta sha har ya wuce mako 3, sai jiki ya ga ana kawo masa kaya daga waje, ya rufe nasa shagon. Ran da aka daina sha kwatsam, ba na waje ba na gida. Daga nan sai kasala da amai da jiri, jini ya yi ƙasa, wani ma ya suma, kuma ana mutuwa a haka. Wannan ne ya sa mai sha ke cewa in bai sha ba ba ya iya tashi, ya ɗauka maganin ne ke ba shi lafiya, alhali shi ya ɗaure shi.

Batun ƙibar ma akwai abin dubawa. Abin da ake samu shi ne ruwa da gishiri da jiki ya riƙe, da kitse da ya taru a fuska da ƙeya da tumbi, yayin da hannu da ƙafa ke sirancewa don tsoka na zagwanyewa. Fuska ta zama kamar faifai, fata ta yi laushi tana tsagewa a ciki da cinya, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Uwar da ke murna 'yarta ta yi kumatu kafin a kai ta ɗaki, ba ta ga sugan da ke hawa ba, ba ta ga hawan jini ba, ba ta ga ƙashin da ke rarakewa ba. Shekara da shekaru ana sha kan jawo yanar ido da hawan jinin ido. Yaro kuwa tsawonsa ma yakan tsaya.

Abin da ya fi damun mu a kasuwa shi ne "haɗi", wato ƙwayoyi uku ko huɗu da ake ƙulle wa ɗan dako ko direba a leda ba suna ba kwali. Idan a ciki akwai Dexamethasone tare da Diclofenac ko Ibuprofen, to an haɗa wuta da auduga a cikin ciki, don haɗuwarsu na ƙara haɗarin gyambon ciki da zubar jini. Sannan maganin na danne zazzaɓi ba tare da ya kashe ƙwayar cutar ba. Mai tarin fuka da ya sha zai ji daɗi na 'yan kwanaki, cutar kuwa tana ƙara cin huhunsa, yana kuma raba wa abokan rumfa. Ƙarambau da ƙyanda ma sun fi muni ga wanda ke kan wannan magani.

Ga 'yan'uwanmu masu sayar da magani, mun san ciniki ne, kuma mai saye ne ke zuwa da ƙafarsa. Amma a Nijeriya waɗannan na cikin magungunan da ba a sayarwa sai da takardar likita, kuma lasisin ƙaramin kemis bai kai nan ba. Maganin da ya yini a tire cikin ranar Maigatari ma ingancinsa abin tambaya ne, ko da da lambar NAFDAC a jikinsa.

Wanda likita ya rubuta wa, ya sha da safe bayan ya karya, don a lokacin ne jiki ya saba fitar da nasa, kuma shan dare kan hana barci. Ya faɗa wa likita in yana da suga ko hawan jini ko gyambon ciki ko tari mai daɗewa, mace kuma ta faɗa in tana da juna biyu. Fatake masu kwana a hanya tsakanin Kano da Damagaram su riƙe kwalin da takardar a aljihu, don in ciwo ya kama su a wani gari ma'aikacin asibiti ya san abin da suke sha. Idan kuwa mutum ya ci wani abu ko ƙudan zuma ya harbe shi, leɓe da maƙogwaro suka kumbura, numfashi ya fara sarƙewa, kada a tsaya neman ƙwaya, domin tana ɗaukar sa'o'i kafin ta yi aiki. Allurar adirenalin yake buƙata a asibiti nan take.

Wanda kuma ya riga ya yi watanni yana shan "sha ka fashe", kada ya watsar yau don ya karanta wannan shafi. Ya ɗauki ragowar ƙwayoyin ya kai asibiti, a auna masa suga da jini, a tsara masa yadda zai riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni, har jikinsa ya koma samar da nasa.