Ko Kun Sani?

Tsawon rabin gudun fanfalaki kilomita 21 ne da mita 97 da rabi. A ranar 26 ga Maris, 2016, a gasar duniya da aka yi a birnin Cardiff na Birtaniya, Geoffrey Kamworor ɗan ƙasar Kenya ya zame ya faɗi tun a wurin tashi. Ya miƙe, ya cim ma na gaba, ya kutsa cikin iska da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya zo na ɗaya cikin minti 59 da daƙiƙa 10.

Duk Bakanon da ruwan Agusta ya taɓa ritsawa a lungunan Kasuwar Kurmi ko bakin Jakara, yana tsallake kwata da taɓo, ya san tafiya ma aiki ce, balle gudu.