Safar Kirsimeti da jeren ɗaki: Abin lura ga masu sarin kayan Disamba a Wagadugu

Duk wanda ya saba shiga Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, a watan Disamba ya san yadda titunan da ke kewaye da babbar kasuwar Rood Woko ke canza kama. Da zarar an wuce bikin ranar ƙasa na 11 ga wata, sai 'yan tebur da masu talla su fito da itatuwan roba da fitilu masu walƙiya da igiyoyin ado da jajayen huluna. A cikin irin waɗannan kaya akwai wani abu da wasu 'yan uwanmu kan tarar a kwali ba tare da sun san amfaninsa ba, wato wata ƙatuwar safa ja mai farin baki, ƙafa ɗaya tak. Ba sawa ake yi ba, rataye ta ake yi a ɗaki. To, tun da dai kuɗinmu muke zubawa a cikinta, ya kamata mu san ko mece ce, yaya ake jera ta, kuma guda nawa ya dace mutum ya sara.

Asalin al'adar yana komawa ne ga wani labari da Kiristoci ke bayarwa a kan Nikolas, limamin cocin garin Mira a ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya rayu a ƙarni na 4. An ce wani talaka ne ke da 'ya'ya mata uku, ba shi da halin yi musu kayan aure, sai Nikolas ya riƙa jefa musu zinari cikin dare a ɓoye, har a wata ruwayar aka ce zinarin ya faɗa cikin safar da aka shanya kusa da murhu. Duk uban da ya taɓa kwana bai yi barci ba saboda tunanin kayan ɗakin 'yarsa ya san nauyin wannan labari. Daga nan ne mutanen Ingila da Amurka suka ɗauki rataya safa a daren 24 ga Disamba, kowane yaro da tasa, a wayi gari an zuba masa alewa da lemo da 'yan kyaututtuka.

Sai dai su Faransawa takalmi suka fi ajiyewa a gaban murhu, kuma ta hannun limaman Faransa Kiristanci ya kafu a ƙasar Mosi, inda suka sauka a Kupela a 1900, sannan Wagadugu a 1901. Saboda haka safa baƙuwa ce a nan. Adon da birnin ya yi suna da shi shi ne 'yan ƙananan gine-ginen da yara kan yi da laka ko bulo a ƙofar gida, su shafe da fenti, don tuna wurin haihuwar Annabi Isa (AS). Ƙidayar 2019 ta nuna Musulmi su ne kashi 63.8 cikin ɗari na mutanen ƙasar, 'yan Katolika 20.1, 'yan Furotesta 6.2. Ke nan kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke wannan biki, kuma ko a cikinsu masu neman safa ba su da yawa. An fi sa ran samunsu a gidajen ma'aikata da otal-otal da makarantun yara da manyan kantuna. Batun halaccin sayar da irin wannan kaya fagen malamai ne, kowa ya tuntuɓi nasa. Mu lissafin kasuwa muke yi.

Abin da ya kamata ya ba mu ƙarfin gwiwa shi ne, ilimin jera kaya ya yi kyau a ido ba sabo ba ne a wurinmu. Kakanninmu fataken goro da ke ratsa ƙasar Mosi a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja su suka kafa zango a Wagadugu, inda aka san Hausawa da unguwar Zangouettin da maƙwabciyarta Tiendpalogo. A irin waɗannan gidaje, kamar a Kano ko Maraɗi, darajar ɗakin mace tana ga jerenta. Daga ƙorai aka koma tasoshi, daga nan sai langa da fanteka da samira, har aka zo zamanin tangaran da kuloli a cikin kabad, ga fayafai a jikin bango. Idan sallah ta matso a sauke a wanke a goge a sake jerawa. A 2003 shirin gwamnati na ZACA ya rushe tsofaffin unguwannin tsakiyar birni a fili mai faɗin hekta 85, abin da ya shafi Zangouettin da Tiendpalogo, aka mayar da dubban mutane wajen Ouaga 2000 da Nioko. A shekarar ce kuma gobara ta ci Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Gidaje sun tafi, rumfuna sun tafi, amma idon jere yana nan.

Da wannan idon za mu kalli safa. A Turai a kantar da ke saman murhun jin ɗumi ake rataye ta, mu kuwa gidajenmu ba su da wannan murhu, don haka wurin da ya dace shi ne saman kabad, ko sandar labule, ko igiya da aka ja a bangon falo. Ka'ida ta farko ita ce ta 'yan jere: babba a gefe ɗaya, ƙanana na biye, tazara daidai, bakin ƙafar duka ya kalli wuri guda. Ta biyu, kada launi ya wuce biyu ko uku, domin idan ya yi yawa sai ɗakin ya koma kamar rumfar 'yan gwanjo. Ta uku, safar da ba komai a cikinta lanƙwashewa take yi, sai a cusa mata takarda ko auduga ta tsaya. Ta huɗu, a rubuta sunan kowane yaro a bakin tasa. Sannan a nisanta ta da kyandir da fitilar da wayarta ta goge, domin yadinta na roba ne, ba ya jimirin wuta. Kada kuma a danne igiyarta da abu mai nauyi da yaro zai iya janyowa a kansa.

Ɗan kasuwar da ya gane wannan ba zai zube safa a ƙasa kamar tumatir ba. Zai ja igiya a rumfarsa ya jera huɗu ko biyar yadda za su kasance a falo, sauran ya bar su cikin leda, domin ƙurar hunturu ba ta raga wa farin baki. Mai saye da ya ga jere, jere zai tambaya, maimakon guda ɗaya ya ɗauki ta kowane yaro.

Yanzu sai babban batu, wato jari. Kaso mai tsoka na kayan adon Kirsimeti na duniya daga birnin Yiwu na ƙasar Sin yake fitowa. Kafin ya iso Wagadugu sai ya sauka a tashar jirgin ruwa irin ta Lome ko Tema, ya biyo ta Sinkase da Bitu, ko ta Paga da Po. Wanda kayansa suka maƙale a iyaka har tsakiyar Disamba, rabin kasuwar ya wuce shi. Fitilu da furannin roba da labule suna da sauƙi, domin za su shiga a bikin sabuwar shekara da sallah da ɗaurin aure. A ƙarshen Disamban 2006 da kuma na 2007 ma, da babbar sallah ta zo dab da Kirsimeti, kaya ɗaya ya yi wa gida biyu. Safa kuwa daga ranar 25 ga wata kasuwarta ta tashi. A ce ka sari dozin goma ka sayar da shida, to huɗun nan za su kwana wata goma sha ɗaya a sito, kuɗinka a ɗaure, ga ɓera ga ƙura.

Shawararmu ita ce a sari kaɗan, a kuma duba gida. Burkina na da saƙin Faso Dan Fani, wanda marigayi Thomas Sankara ya ɗaukaka a zamanin mulkinsa daga 1983 zuwa 1987, ga rinin Koko Dunda na Bobo-Dioulasso. Tela zai iya fitar da safa daga ƙyallayen da suka rage masa, mai surfani ya ɗinka suna, baduku ya sa mata maratayin fata. Irin wannan sai an ba da kafin alƙalami ake ɗinkawa, babu kwantai babu kuɗin kwastan, kuma ribar ta tsaya a unguwa.

Masu iya magana sun ce da wuri ake kama fara, amma kuma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wanda zai shiga wannan harka ya fara shiri tun Oktoba, ya san masu sayensa, ya auna aljihunsa. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.