Idan Rijiyar Mai Ta Fashe, Wa Ke Biya?

A Amurka kamfanin da ya mallaki rijiyar mai ba kasafai yake haƙa ta da kansa ba. Wani ke kawo injin haƙa, wani ya zuba siminti. Kafin a soma aiki sai an sa hannu a yarjejeniyar da ta fayyace wanda zai biya diyya in an yi hatsari. Tsarin da aka fi bi shi ne kowa ya ɗauki nauyin mutanensa da kayansa, ko laifin waye, mai rijiya kuma ya ɗauki nauyin man da ya malalo daga ƙarƙashin ƙasa.

Da ganin farko ciniki ne tsakanin 'yan kasuwa, ba ruwan hukuma. Abin da ya jawo gwamnati ciki shi ne ƙarfin ɓangarorin ba ɗaya ba ne. Manyan kamfanoni sun riƙa tilasta wa ƙananan 'yan kwangila su yarda su biya har ɓarnar da sakacin babban kamfanin ya haifar. Wanda ya ƙi, aiki ya koma hannun wani. Jihar Teksas ta kafa dokar soke irin wannan sharaɗi a 1973, dokar da ta shafi rijiyoyi da ramukan ma'adinai. Luwiziyana ta kafa tata a 1981.

Ranar da aka kafa ta, irin wannan doka arha gare ta, tunda ba a buɗe ofis ko ɗaukar ma'aikata dominta. Tsadar a kotu take fitowa. Teksas ta bar ƙofa, cewa sharaɗin na iya tsayawa in akwai inshora a bayansa. Ga rijiyoyin cikin teku kuwa, sai an fara tantance ko dokar jiha ce ke aiki ko dokar ruwa ta tarayya, wadda ita ba ta ƙin sharaɗin. Alƙalai sun shafe gomman shekaru a kan wannan tambaya, kuma da kuɗin haraji ake zaman kotu.

Hatsarin Deepwater Horizon ne ya fito da girman lamarin. Ranar 20 ga Afrilun 2010 dandalin haƙa mai wannan suna ya kama da wuta a Mashigin Tekun Meziko, mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara. Rijiyar ta BP ce, dandalin na Transocean, simintin na Halliburton, kuma nan take kowa ya ɗaga takardarsa. A 2012 Alƙali Carl Barbier ya yanke cewa BP ce za ta biya diyyar gurɓatar da ta taso daga rijiyar a madadin Transocean, amma yarjejeniya ba ta kare kowa daga tarar gwamnati. A 2014 ya raba laifin: BP kashi 67 cikin ɗari, Transocean 30, Halliburton 3. Sulhun dala biliyan 20.8 da BP ta yi da gwamnatin tarayya da jihohi biyar bai sami amincewar kotu ba sai 2016.

Gwamnati ta rushe hukumar da ke kula da haƙo a teku, ta raba ta gida uku, ta ƙara sufetoci, kamfanoni kuma suna biyan kuɗin duba wuraren aikinsu. A 2011 sabuwar hukumar kula da kariya ta aika wa Transocean da Halliburton takardar saɓa ƙa'ida, abin da a baya mai rijiya kaɗai ake yi wa. Yunƙurin bai yi nisa ba. Bayan fashewar wani dandali na Black Elk Energy a 2012, inda mutum uku suka mutu, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2017 cewa ba a iya tuhumar 'yan kwangila da laifi a ƙarƙashin waɗannan ƙa'idoji. A fannin ma'adinai wannan gardama da sauƙi, domin wata doka ta 1977 ta ambaci ɗan kwangila ƙarara cikin waɗanda za a iya ci tara.

Asarar da ta fi duka nauyi kuwa ba ta zuwa gaban alƙalin diyya, don alkawarin biya bai wuce aljihun wanda ya yi shi ba. Manyan kamfanonin kwal, Alpha da Arch da Peabody, sun shiga kotun karayar arziki tsakanin 2015 da 2016, alhali wasu jihohi sun bar su sun tsaya wa kansu a kan gyaran ramukan da suka haƙa, ba tare da ajiye kuɗi ba. A 2021 majalisar Amurka ta ware dala biliyan 4.7 don toshe rijiyoyin da masu su suka ɓace, da biliyan 11.3 don gyaran tsofaffin wuraren haƙar kwal.

Masu cewa sa ido na ƙara wa haƙo tsada suna da gaskiya, kuma ƙananan kamfanoni sun fi jin jiki. Amma duk albashin sufetoci bai kusanci waɗannan alƙaluma ba. A ganina gwamnatocin sun ɓata ƙarfi wajen tace kalmomin yarjejeniya, suka yi sakaci da abu biyu masu sauƙi: a ambaci ɗan kwangila a cikin doka, a kuma karɓi kuɗin gyara a hannu kafin a ba kowa lasisin haƙa.