Mahuta: Yadda ake bin sawun kakanni a inda babu takardar haihuwa

Idan aka tambayi matashi a Mahuta da ke Ƙaramar Hukumar Kafur sunan kakansa, nan take zai faɗa. Da an kai kan kakan kaka, sai a ji shiru.

Wannan shirun yana da tsada. Rabon gadon gona da neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma duk sukan koma ga tambaya ɗaya: wane ne ya fara zama a nan, kuma daga ina ya zo?

Gidajen sarauta sun fi sauƙin amsa. Sarautar Danejin Katsina, hakimin Mahuta, da ta Galadiman Katsina a Malumfashi na Fulani Danejawa ne, waɗanda suka samu mulkin yankin bayan jihadin da aka fara a 1804. Maroƙa na riƙe da salsalarsu a kirari.

Talaka kuwa sai ya yi tono. Sai a 1979 aka yi dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a faɗin Najeriya, don haka akasarin kakanni ba su bar takarda ba.

Matakin farko shi ne zama da tsofaffi, musamman mata, domin su ne suka fi riƙe wanda ya auri wa. Ba sa ƙirga shekaru da lamba, sai da abin da ya faru. Idan tsohuwa ta ce kakanta ya taso daga arewa a shekarar Kakalaba, tana nufin yunwar 1913 zuwa 1914. Idan ta ce ya zo da zuwan jirgin ƙasa Funtuwa, to ƙarshen shekarun 1920 ne, lokacin da aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya wanda ya kai Ƙauran Namoda a 1929, cinikin auduga kuma ya jawo baƙi.

Zanen fuska ma shaida ne, domin na Gobirawa daban yake da na Barebari. Haka laƙabi irin su Bagobiri ko Bakano.

Daga nan sai takardu: tsofaffin rasit na haraji da jangali, hukuncin alƙali kan gado, da bayan bangon littattafan malamai, inda wasu kan rubuta ranar haihuwa ko rasuwa da ajami.

Mai son zurfafawa sai ya nufi Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda aka ajiye rahotannin da Turawa suka rubuta kan gundumomi bayan sun ci Katsina a 1903. Ba kasafai suke ambaton talaka da suna ba, amma sukan nuna ƙauyuka, masu garinsu da yawan masu biyan haraji. Littafin Dokta Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina, wanda ya fito a 1981, shi ma jagora ne.

Sai dai takardun Kaduna za su jira, tsofaffi ne ba za su jira ba. Wayar da ke hannun jika ta isa ta naɗi muryar kaka tun tana iya bayani.