Motsa Jiki: Minti 150 A Kowane Mako

Jama'a, idan aka ce wa mutumin karkara ya riƙa motsa jiki, sai ya yi dariya. Zai ce shi da ke wuni a gona, wane motsa jiki kuma ya rage masa? Yana da gaskiya, amma a damina. Da zarar an gama girbi, da yawa daga cikinmu sai zaman hira a gindin bishiya har faɗuwar ruwa. Tafiyar da ake yi a ƙasa ko a keke, yanzu babur ke yin ta. Niƙa da surfe kuma inji ya karɓe a wurare da yawa. Jikin da ya daɗe ba ya aiki kuwa, cuta tana samun ƙofar shiga. Daga ciki akwai hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Nawa Ne Ya Wadatar?

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni. Duk wanda ya kai shekara 18, namiji ko mace, yana bukatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Minti 150 awa biyu da rabi ke nan. In ka raba, minti 30 ne a rana har kwana 5. Yara 'yan shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 ne kullum.

Mene ne matsakaici? Shi ne wanda zai sa numfashinka ya ƙaru, jikinka ya ɗau ɗumi. Kana iya magana, amma ba ka iya rera waƙa. Tafiya da sauri, hawan keke, noma, daka, shara da jan ruwa a rijiya, duk suna cikin lissafi. Ba sai ka sayi komai ba.

Ban da wannan, kwana 2 a mako a yi aikin da ke ƙarfafa damtse da cinya da baya, kamar haƙa, ko tsugunawa da tashi. Dattawa daga shekara 65 su ƙara da koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya suna dafe da bango, kwana 3 a mako. Wannan yana rage faɗuwa.

Yadda Za Ka Yi Lissafi

Amfanin lissafin mako shi ne, in baƙi ko wata hidima ta hana ka yau, gobe sai ka rama. Ɗauki littafinka, ka rubuta sunayen ranaku 7. Duk minti 10 da ka yi, ka ja layi ɗaya. Agogon waya ya isa. Daga wannan cin kasuwa zuwa na mako mai zuwa, layi 15 ake nema. Wanda bai saba ba ya fara da layi ɗaya a rana, ya riƙa ƙarawa. Sannu ba ta hana zuwa. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya fara neman shawarar likita.

Mace Mai Ciki Fa?

Wasu suna ganin mai ciki kwanciya ta kama ta. Ba haka ba ne. Idan lafiyarta ƙalau, ita ma minti 150 ɗin nan ne nata a mako. Yana rage mata haɗarin ciwon suga da hawan jinin da ciki ke kawowa. Yana sauƙaƙa ciwon baya da rashin yin bayan gida.

Tafiya ita ce ta fi dacewa da ita, ko da zagaya tsakar gida ne. Ta yi da sanyin safiya ko da yamma, ta sha ruwa sosai. Ta guji tsakar rana da ɗaukar kaya masu nauyi da duk abin da zai iya kayar da ita. Bayan wata 3 na farko, kada ta daɗe kwance rigingine. Wadda kuma kullum take ɗebo ruwa da itace daga nesa, ta riga ta cika nata lissafin. Hutu da abinci mai gina jiki take bukata.

Kafin ta fara, ta tambayi ma'aikaciyar lafiya a wurin awo, domin akwai cikin da ba ya son motsi da yawa. Ta tsaya nan take, a kai ta asibiti, in ta ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Zubar jini ko ruwa ta gaba.
2. Jiri ko ciwon kai mai tsanani.
3. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi.
4. Ciwon mara mai kama da naƙuda.
5. Kumburi da zafi a sha-raɓar ƙafa ɗaya.

Maigida, a nan naka aikin yake. Ka bar ta ta je awo, ka ɗauke mata aiki mai nauyi, ka taya ta jan layi a littafi. Kai ma ka buɗe naka shafin tun wannan makon. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.