Baƙunci da Iyakarsa a Ƙasar Kabi

A ƙasar Hausa a kan auna mutuncin magidanci da yadda ya ke karɓar baƙo. Mutanen kwarin Gulbin Kabi, watau kogin Rima, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, sun shahara da wannan hali, domin fadamarsu ta wadata su da shinkafa da kifi, kuma hanyoyin fatake sun ratsa ƙasarsu tun zamanin Kanta, a ƙarni na 16. Amma akwai wata matsala wadda kowane mai gida ya san ta, ko da ya ke ba a cika faɗinta a fili ba, watau ta baƙon da ya zo buki, buki ya watse, shi kuwa ya ƙi watsewa. Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana inda al'ada da shari'a suka kafa iyakar baƙunci, da dalilin da ya sa tsaron iyakar nan ya ke da wuya.

Abin da harshe ya nuna

Karin maganar Hausa ta kasu biyu a kan baƙo. Wani kashi yana ɗaukaka shi, kamar inda a ke cewa baƙonka annabinka, da inda a ke yi masa uzuri da cewa baƙo ko da ido makaho ne. Wani kashin kuwa yana tuna masa matsayinsa: baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa tana sauka da dare, tana sanyaya shuka, hantsi na yi ta ɗauke, kuma amfaninta duk yana cikin rashin daɗewarta.

Kalmar sallama ma abin lura ce, gama tana tsaye a ƙofa biyu. Da sallama baƙo ya ke shiga gida, shi ya sa a ke cewa baƙon da babu sallama mugu ne. Da sallama kuma ya ke fita. Sai dai ta shiga a bakin baƙo ta ke, ta fita kuwa sai ya nema, mai gida ya ba shi. A nan wuyar ta ke. Idan baƙo bai nemi sallama ba, mai gida ba shi da halin miƙa masa ita, domin a ce wane ya sallami baƙonsa tun bai nema ba daidai ya ke da a ce ya kore shi. Kunya da kara da kawaici, waɗanda a ke yabon mutum da su, su ne ke ɗaure masa baki.

Abin da shari'a ta tanada

Malaman Gwandu da na Sakkwato sun gāji hukuncin wannan al'amari a littattafan da su ke karantarwa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da Bukhari da Muslim, an ruwaito hadisin Abu Shuraihu wanda ya kasa liyafa mataki uku. Yini ɗaya da dare ɗaya na karramawa ta musamman ne. Kwana uku su ne haƙƙin baƙo. Abin da ya ƙaru a kan haka sadaka ce, mai gida ya ga dama ya yi, ya ga dama ya bari. Hadisin ya ƙara da hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa.

Game da baƙin walima kuwa, aya ta 53 ta Suratul Ahzab ta umurci waɗanda aka gayyata su watse idan sun gama cin abinci, kada su zauna hira. Anas ɗan Malik ya ba da labarin dalilin saukarta. A walimar auren Zainabu 'yar Jahshi mutane suka ci suka tashi, amma waɗansu kaɗan suka zauna suna taɗi. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ji nauyin ya ce su tashi, har ya fita ya komo suna nan. Wannan ya nuna cewa nauyin bakin mai gida tsohon abu ne, kuma shari'a ta warware shi ta hanyar ɗora wa baƙo alhakin sanin lokacin tashi.

Waɗansu al'ummai ma a kan kwana uku suka tsaya. Mutanen Sawahili na gabashin Afirka suna cewa a ba baƙo fartanya a rana ta uku. Turawa kuma suna kwatanta shi da ɗanyen kifi, wanda ba ya wuce kwana uku bai yi wari ba, kwatancin da masuntan Argungu ba za su buƙaci a fassara musu ba.

Nauyin da ke kan mai buki

Bukin aure a da ya kan ci mako guda, daga kamu da sa lalle zuwa yinin buki da kai amarya. Suna a kan yi shi ran kwana bakwai da haihuwa, dangin mai jego kuwa su kan fara sauka tun kafin ranar. Galibi a kan ajiye aure sai kaka, sa'ad da rumbu ya cika. Hatsin da a ke ɗiba domin baƙi shi ne wanda iyali za su ci har bazara da farkon damina, lokacin da abinci ke ƙaranci kuma aikin gona ke tsananta. Saboda haka kowane kwana da baƙi suka ƙara, daga cikin abincin damina aka cire shi. Masu hikima sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Wahalar kuwa ba a zaure ta fi yawa ba. Mai gida yana zaune da baƙi maza ana gaisawa, amma sussuka da surfe da daka da tuƙin tuwo da ɗiban ruwa duk suna kan matan gida da 'yammata. Uwargida ta kan bar ɗakinta ga baƙi, yara su kwana a tsakar gida. Sau da yawa ɓacin ran da ba a iya nuna wa baƙo ba ya kan koma tsakanin miji da mata, musamman idan baƙin dangin ɗayansu ne.

Duk da haka mai buki ba ya so a watse da wuri ƙwarai. Buki bashi ne: wanda ya kawo gudummawa yau, shi za a kai wa gobe, kuma taron da ya watse tun rana tsaka abin gori ne. Ga kuma maroƙa da 'yan gayyar soɗi, waɗanda korarsu ke jawo zambo. Mai gida yana tsakanin tsoro biyu ke nan, kada a ce da shi marowaci, kada kuma rumbunsa ya ƙare.

Yadda a ke magana ba da baki ba

Da ya ke ba a iya faɗi, sai al'ada ta ƙago alamu. A taron yini, rabon goro da shafa fatiha su ne rufe taro, kowa ya san abin da ya rage sai neman takalmi. Ga baƙon kwana kuwa, akushi ne ke fara magana. Ran farko kaza ce ko babban kifi da tuwon shinkafa. Bayan kwana uku sai a kawo masa abin da gida ke ci, tuwon dawa da miyar kuka. Idan bai gane ba, sai mai gida ya yawaita tambayar mutanen gidansa da halin da ya baro gonarsa. Daga nan sai a soma haɗa masa tsaraba a inda zai gani, a tambaye shi ko akwai saƙon da za a tanada masa. Mai hankali ya kan nemi sallama tun a alama ta fari, a ce masa tun yanzu, ya nace, a ba shi guzuri, a yi masa rakiya. Wanda ya toshe kunnensa kuwa ya kan wayi gari an daina kiransa baƙo, an soma aikensa kamar ɗan gida, a bayan idonsa kuma ana kiransa cima-zaune.

Baƙin fatauci da na sarauta

Akwai baƙin da wannan ƙa'ida ba ta hau kansu ba. Fataken da ke sauka a kasuwar Jega, kan hanyar goro ta Gwanja, su kan yi makonni a gidan fatoma, shi kuwa yana murna, domin yana samun la'ada a kan cinikinsu. Inda zaman baƙo ke kawo riba, ba a ƙirga masa kwana.

A fada kuma al'amarin ya kan juye, baƙo ya so tafiya a hana shi. Bayan an kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru masu yawa a tsare a Sakkwato, ana ci da shi amma ba shi da ikon komawa gida. Da ya sami fita, sai ya ta da tawaye a 1849, ya maido da sarautar Kabawa a Argungu. Haka kuma Bajamushen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya sauka Gwandu a watan Mayu na 1853. Sarkin Gwandu Halilu bai yarda sun gana ba, kuma sai da ya ƙara a kan gaisuwar da ya kai kafin a ba shi takardar wucewa. A zaman jiran nan ne ya sami Tarihus Sudan ya kwafi sassansa, sa'an nan ya bi ta Birnin Kebbi ya nufi yamma.

Misalin Argungu

Bukin kamun kifi na Argungu ya nuna yadda a ke karɓar taro mai yawa ba tare da ya gagari mai masauki ba. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bayan gabar da ta daɗe tsakanin Kabawa da Sakkwato, Sarkin Kabi Muhammadu Sama kuma ya shirya masa babban su domin girmamawa. Daga nan bukin ya samo siffarsa ta yanzu, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin kiyayewa a 2016. Kwanakinsa ƙidayayyu ne. Ran ƙarshe masunta su kan jeru a bakin Matan Fada da komaye da goruna, ba mai shiga ruwa sai an ba da alama, kuma da an ba da ta fita kowa ya fito. Tun da an san farko an san ƙarshe, ba wanda ke jin an kore shi.

Halin da a ke ciki

Mota ta rage uzurin kwana, gama wanda a da zai yi yini biyu a ƙafa yanzu ya kan zo ya koma a rana ɗaya. Tun da Birnin Kebbi ya zama babban birnin jiha a 1991, ma'aikata sun yawaita, gidajen haya kuwa ba su da zaure balle ɗakin baƙi. Masu hali su kan buga katin gayyata da lokaci a jiki, su kama ɗakin taro na sa'o'i kaɗan, agogo ya faɗi abin da bakinsu ba zai iya ba. Wannan ya sauƙaƙa wa mai buki, amma ya rage zaman da dangi ke sanin juna a cikinsa, alhali zumunci a ƙafa ya ke.

Malaman makarantu su kan koya wa yara ladabin karɓar baƙo, su manta da ladabin zama baƙo. Ya kamata a haɗa su biyu a darasi ɗaya, domin kunyar mai gida ba ta da mai tsaronta sai hankalin baƙonsa.