Allon Makunnai A Motar Kawuna, Da Lissafin Da Ba Mu Kai Gareji Ba

A daminar bara na je gida Batsari, kawuna ya ce in raka shi Safana a tsohuwar Hilux ɗinsa da yake kwaso gero da dawa daga ƙauyuka. Ina zama idona ya sauka kan wani ɗan allon katako da aka ɗaure kusa da sitiyari, makunnai biyar a jere. Akwai na doguwar fitilar da aka girka a saman mota, da na fitilar lodi ta baya, da na ƙaho, da na fanka, da na cajin waya. Wani yaro mai rewaya ne ya haɗa masa a yini guda, kuma Kawu na ji da abin kamar sabon ango.

Duk wanda ya san yankinmu ba zai kira wannan ƙawa ba. Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, kuma shekarun nan sun koya wa kowa kada magariba ta riske shi a hanya. Amma taɓon damina ba ya shawara da agogo. Idan ya riƙe ka har duhu, hasken da zai nuna maka rami tun daga nesa ya fi kuɗinsa.

A hanyar dawowa yamma ta yi mana. Kawu ya kunna fitilar sama, ba a jima ba ƙaurin roba ya cika motar, hayaƙi na fitowa ta bayan allon. Muka tsaya, ya cire kan batir da hannu yana rawa. Mun kai rabin sa'a a wurin, babu mai magana, kowa kunnensa na wajen ƙarar babur.

Da gari ya waye na kwance allon. Fitilar nan mai wat 120 ce, batirin mota kuwa bolt 12 ne, wato tana jan amfiya 10. Wannan nauyi duka an bi da shi ta siririyar waya irin ta rediyo, ya ratsa ta cikin ƙaramin makunni. Waya idan ta yi wa wutar da ke bin ta kaɗan zafi take yi, har rigarta ta narke. Inda ta huda ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba ba a sa mata zoben roba ba, girgizar hanya ta yi ta goga ta. Fiyus kuwa babu ko ɗaya. Da aka kira yaron ya ce, "Malam, ai fiyus yawan ƙonewa yake, direbobi ba sa so." Ƙonewar nan ita ce aikinsa: ya mutu domin waya ta tsira, shi ya sa ake sa shi dab da kan batir, gwargwadon kaurin wayar. Sai kuma rile, wanda ke ɗauke wa makunni nauyi. Makunni ya aika masa 'yar wuta kaɗan, shi kuma ya haɗa babbar waya daga batir kai tsaye zuwa fitila.

Ban ga laifin yaron sosai ba. Hannunsa ya fi na yawancin ɗalibaina tsabta, abin da ya gani wajen ubangidansa shi ya yi. Ni ne na shekara goma sha ina koyar da dokar Ohm a aji, ɗalibai su haddace, su ci jarrabawa, ban taɓa tunanin kai rabon nan na 120 da 12 gareji ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, maƙwabciyar Safana ce. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Hassan Usman a Katsina. Bita ta kwana biyu da Hausa, da batir da waya a kan tebur, ba ta fi ƙarfin ko ɗaya daga cikinsu ba. Motoci da baburan rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 ma, in sun kwana biyu, hannun irin yaran nan za su koma.

Na sayo rile biyu da fiyus biyar da waya mai kauri, muka sake aikin tare a ƙarƙashin darbejiya. Ni ina lissafi a ƙasa da tsinke, shi yana ɗauri. Da muka zo kan fanka bai jira ni ba, ya karanta wat ɗinta, ya raba da 12, ya miƙo hannu in ba shi fiyus ɗin da ya dace. Kawu dai yana gefe yana mitar kuɗin waya.